Ba Duk Takardar Da Aka Buga Wa Hatimin Sirri Ce Gaskiya Ba

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani malami ya yi wa matasa, bayan an tambaye shi game da takardun sojan Amurka da ake cewa sun fallasa zuwan baƙin halittu daga wata duniya.

Malamin ya fara da cewa labarin ya samo asali ne a watan Yulin 1947, lokacin da sansanin soja na Roswell, a jihar New Mexico, ya ba da sanarwar cewa ya tsinci ɓaraguzan wani faranti mai tashi. Ba a jima ba sojojin suka janye, suka ce balan-balan ɗin auna yanayi ne. Sai a 1994 rundunar sojan sama ta faɗi abin da ta ɓoye: balan-balan ne na wani shiri na sirri mai suna Mogul, wanda aka ɗora wa na'urorin sauraren gwajin bam ɗin nukiliya na Tarayyar Sobiyet. “To kun ga,” in ji shi, “ƙarya kam an yi ta, amma abin da aka rufe leƙen asiri ne.”

Ya ci gaba da cewa rundunar ta tara rahotanni 12,618 har zuwa 1969 da ta rufe binciken da ta kira Blue Book, 701 daga ciki ba a gano bakin zarensu ba. A nan ne malamin ya ɗan tsaya. Ya ce a 1997 wani masanin tarihi na hukumar CIA, Gerald Haines, ya rubuta cewa fiye da rabin abin da mutane suka gani daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa shekarun 1960 jiragen leƙen asiri ne irin su U-2. Jirgin fasinja a lokacin ba ya wuce ƙafa 20,000, shi kuwa U-2 yana kaiwa 60,000. Rana ta faɗi wa na ƙasa, amma tana nan tana haska fikafikansa, sai matuƙin da ke ƙasa da shi ya ga wuta tana tafiya a inda ya tabbata jirgi ba ya zuwa. Sojojin sun san ko mene ne, amma suka riƙa cewa yanayi ne.

Game da takardun da ake kira Majestic 12 kuwa, waɗanda suka bayyana a 1987 suna cewa Shugaba Truman ya naɗa mutum 12 su ɓoye gawarwakin baƙin, malamin ya ce ta gidan waya aka aiko da hotunansu a 1984, babu sunan mai aikowa. Masu bincike sun nuna sa hannun Truman kwafo shi aka yi daga wata wasiƙarsa ta 1947, hukumar FBI ma ta rubuta a kansu cewa jabu ne. Ya tambayi 'yan uwa: “Wanda ba ya yarda da Amurka in ta yi magana a fili, don me zai gaskata takarda kawai saboda an ce daga ofishinta aka sato?”

Da ya juya kan masu cewa an sace su, ya kawo labarin Betty da Barney Hill na 1961. Ya ce yawancin bayanin nasu ya fito ne a 1964, bayan likita ya sa su cikin wani irin barci na tuno abin da ya wuce, kuma shi kansa likitan ya danganta abin da mafarkin matar.

Wani matashi ya yi tambaya kan bidiyon matuƙan jiragen yaƙi da aka yaɗa a 2017. Malamin ya amsa cewa na gaske ne, ma'aikatar tsaron Amurka ta sake su da kanta a 2020, amma rahoton ofishinta na Maris 2024 ya ce bai sami hujjar wata ƙira daga wajen duniya ba. Ya ƙara da cewa wannan ofishin ma na ma'aikatar tsaron ne, don haka shi ma a karanta shi da ido biyu.