Jawabi Ga Iyaye A Kan Baƙon Dauro

Dukanmu mun san dussa, wato baƙon dauro. Da rani take shigo mana gari, iska take bi, tarin yaro guda ya isa ta kama gida duka. Waɗansu ta makantar da su, waɗansu kuwa muka binne. Sai a shekara ta 1963 aka sami allurar rigakafinta a Amurka, ga ta yanzu a gidan likita. In yaro ya cika wata tara, mu kai shi, mu kuma koma domin ta biyu, gama guda ba ta tsare kowane yaro ba. In ta riga ta kama shi, kada mu hana masa ruwa ko nono. Masu gida, ku ba mata izini, kada ku ce sai ranar kasuwa.