A Juya Faifan: Waƙoƙin Beatles Da Aka Manta



Yau za mu yi magana a kan Beatles, samarin nan huɗu na Libaful ta ƙasar Ingila, waɗanda suka watse a 1970. A zamaninsu ƙaramin faifan garmaho fuska biyu gare shi. Ta gaba ita gidajen rediyo suka fi sawa, ta baya kuwa sai mai haƙuri ke ji. A ganinmu, gwanintarsu da yawa a bayan nan take.

Mu ɗauki "Rain", wadda ta fito a bayan "Paperback Writer" a 1966. Da sauri suka buga kiɗan, sa'an nan aka rage gudun tef, sai gangunan Ringo Starr suka yi nauyi kamar hadari ya taso. A ƙarshenta kuma aka juya muryar John Lennon tana tafiya da baya.

Sai "The Inner Light" ta George Harrison, a bayan "Lady Madonna" a 1968. A Bombay ya ɗauki kiɗanta tare da makaɗan Indiya. Shi Harrison waƙa ɗaya ko biyu ake ba shi a yawancin manyan fayafayansu, domin Lennon da Paul McCartney sun cika wuri. Da aka rabu, ya fito da kundi mai faifai uku, har da waƙoƙin da abokansa suka ƙi.

Jama'a, ba girin-girin ba, ta yi mai. Mu da ake koya wa bincike, bai kamata mu bari suna ya zaɓa mana abin ji ba. Mu juya faifan, mu yi hukunci da kunnenmu.