Jitar Katako da Wayar Birki



An ce in yi magana kan sana'ar hannu, ni kuwa labarin makaɗi na kawo. Mdou Moctar Ba'abzine ne daga jihar Tawa ta Nijar. Gidansu ba a son kiɗa, kuɗin jita kuma babu, sai ya sami katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke. A 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko: kiɗan Abzinawa, harshen Tamashek, amma da muryar nan ta kwamfuta irin ta finafinanmu na Hausa. Ba kamfani, ba kanti. Daga waya zuwa waya aka yi ta turawa, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji, ya shiga cigiyarsa. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar da faifansa.

Da mu ma'aikatan gwamnati ne, har yau muna jiran a sa wa takardar sayen jitar hannu!

Roƙona ga kwamiti: daga kuɗin da muka tara bana, a gyara ɗakin kafinta, a riƙa buɗe wa ƙannenmu bayan la'asar, ko malami bai ba su aiki ba.