Gishiri da ruwa ke riƙe DNA mai tufka huɗu

Tun 1953 da Watson da Crick suka bayyana siffar DNA muka saba kallonta kamar igiya mai tufka biyu. Amma inda harafin G, wato guwanin, ya yi yawa a jere, igiyar kan naɗe ta zama mai tufka huɗu. Gellert da Lipsett da Davies ne suka zana tubalin wannan gini a 1962: guwanin huɗu sun kwanta a jikin juna, haɗin haidurojin takwas ya ɗaure su, sun zama kamar faifai mai huda a tsakiya. Sai a ɗora faifan biyu ko uku, wani bisa wani.

Abin da nake son kafawa shi ne, jerin haruffa kaɗai ba ya faɗa mana ƙarfin ginin. Ƙwayoyin oksijin da ke bakin hudar suna ture juna, sai an samu mai shiga tsakani daga gishirin da ke cikin ruwan. Fotasiyam kan zauna tsakanin faifai biyu, oksijin takwas su rungume shi. Sodiyam, da yake ƙarami ne, yakan iya shigewa cikin hudar kanta, lithiyam kuwa kusan ba ya tsinana komai. An daɗe ana cewa fotasiyam ya fi ƙarfafa ginin ne don ya yi daidai da gurbin. Wannan rabin magana ce. Kafin kowannensu ya shiga sai ya tuɓe rigar ruwan da ke kewaye da shi, kuma sodiyam ya fi ƙanƙame tasa, don haka shigarsa ta fi tsada. Ku dubi jerin TTAGGG na ƙarshen kuromosom ɗin ɗan Adam. A 1993 Wang da Patel sun same shi a ruwan sodiyam ya naɗe kamar kwando. A 2002 Neidle da abokan aikinsa suka daskarar da shi da fotasiyam, sai ga zaren huɗu duk sun fuskanci gefe guda.

Wani zai ce duk wannan wasan kwalba ne, domin a cikin tantanin jiki kowane G yana da harafin C abokin zamansa, kuma tufka biyu ta fi karko. Ya yi gaskiya a mafi yawan wurare. Sai dai ƙarshen kuromosom zare ɗaya ne tilo, igiyar kuma kan buɗe lokacin kwafi, ga fotasiyam cike da tantani, kusan milimola 140. A 2013 ɗakin binciken Balasubramanian a Jami'ar Cambridge ya nuna ginin a tantanin mutum. Duk da haka mai ƙorafin bai tashi a banza ba: a 2015 an ƙirga wurare sama da 700,000 da ke iya naɗewa a tsirarar DNA, amma a 2016 kimanin 10,000 kacal aka tarar a naɗe a cikin kuromatin, wato DNA kamar yadda take a tantani.

Saboda haka, ɗalibai, duk wanda ya kawo muku matakin zafin da ke warware wannan gini, ku fara tambayarsa wane gishiri ya zuba, kuma nawa.