Ka ƙara wa kwamfuta RAM ta koma mutuwa? Tsaya tukuna, kar ka yi fomatin

Yau kan laftof za mu tattauna, domin ita ce jarin da yawanmu: ɗalibin Kwalejin Yusuf Bala Usman da ke rubuta furojet, ƙanwarmu mai atisayen JAMB, da mai shagon buga takardu a bakin titi.

Saƙonnin da kuka turo kusan iri ɗaya ne. Kwamfuta tana nauyi, mutum ya tara kuɗi ya ƙara mata RAM daga giga 4 zuwa 8, ya dawo gida da murna. Kwana biyu sai ta fara kashe kanta, ko ta kawo shuɗin allon nan mai rubutu irin MEMORY_MANAGEMENT. A kai wa mai gyara, kalmar farko: "Sai an yi fomatin." To wallahi sau da yawa ba nan ciwon yake ba. In RAM ce ke da matsala, ko sau goma aka sake Windows haka za ta ci gaba, ga aikinka ya tafi a banza.

RAM kamar faifai ne da kwamfuta ke baza aikin da take yi a lokacin. In faifan ya huje, duk abin da aka ɗora sai ya zube. Saboda haka kafin komai, kwashe muhimman takardunka zuwa filasha. Bayan nan sai bincike.

Na farko, mayar da tsohuwar RAM ita kaɗai, ka yi aiki da ita yini guda. In ta zauna lafiya, ka san sabuwar ce ko yadda aka sa ta.

Na biyu, karanta 'yar takardar da ke manne a jikin RAM ɗin. Nan ake yawan faɗawa rami. In an rubuta PC3, wato DDR3 ce, tana cin bolt 1.5. In an rubuta PC3L, DDR3L ce, bolt 1.35. Su biyun suna shiga rami ɗaya daram, shi ya sa ido ba ya rabewa. Amma kwamfutocin hannu da suka cika kasuwanninmu, irin su HP EliteBook 840 G1 da G2, PC3L suke so. Ka sa musu PC3, ko su ƙi tashi ko su riƙa mutuwa. Ita kuwa G3, DDR4 take ɗauka, wadda za ka ga PC4 a jiki, kuma tsagarta daban ce. In ta ƙi shiga, kar ka danna da ƙarfi.

Na uku, zaman RAM ɗin. Kashe kwamfuta, zare caja, cire batir in mai ciruwa ne, ka danne madannin kunnawa na ɗan lokaci. Taɓa ƙarfe kafin ka sa hannu, musamman da hunturu, lokacin da ko mayafi ka ja sai ka ji tartsatsi. Wannan 'yar wutar ta isa ta lalata RAM. Riƙe ta ta gefe, ka hure ƙurar ramin, ka shigar da ita a karkace, sannan ka danna har maƙallan gefe biyu su ce ƙas.

Na huɗu, in ramuka biyu ne, gwada kowace RAM ita kaɗai a kowane rami. Ta haka za ka gane ko RAM ce ta lalace, ko ramin ne, ko kuwa su biyun ne jininsu bai haɗu ba.

Na biyar, gwaji. Windows na da nata kyauta. Danna madannin Windows tare da R, ka rubuta mdsched, ta sake tashi ta duba kanta. Wanda ya fi zurfi shi ne MemTest86, ana sa shi a filasha. Yana cin awoyi, don haka ka dace da lokacin da akwai wuta ko ka kai wajen mai sola. Kuskure ɗaya tak ya fito, RAM ɗin nan ba ta amana ba ce.

Abu biyu kuma. In ka sa giga 8 amma ka ga uku da ɗoriya kawai ke aiki, duba ko Windows ɗinka mai 32-bit ce, don ita ba ta wuce giga 4. Sannan masu ƙara RAM saboda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, ku sani RAM kaɗai ba ta sa tsohuwar kwamfuta ta cancanci Windows 11. Ana duba firosesa da TPM 2.0 ma.

Yanzu ga maganar haƙƙi. Mu 'yan Sandamu sai mun shiga Daura, wani lokaci har Kano wajen Beirut Road ko Farm Centre, kafin mu samu kayan. Kuɗin mota ma wani abu ne. Don haka tafi da kwamfutarka, a sa a gabanka, a kunna ka gani. Karɓi rasit, ku yi magana a fili kan kwana nawa za ka iya dawo da ita. Kuma kar ka bar tsohuwar RAM ɗinka a shago, taka ce. Masu gyara, ku ma 'yan uwanmu ne: ku ji tsoron Allah, ku tambayi mai kaya kafin ku goge masa aikin shekara.

Wanda bai gane irin RAM ɗinsa ba, ya ɗauki hoton takardar jikinta ya turo mana tare da sunan kwamfutar, za mu duba tare. Ku tura wa na kusa da ku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.