Hankaka da 'Yan Tsakinmu: Kada Mu Sa Guba

Duk mun san ɓarnar hankaka: ya sure ɗan tsako, ya tone irin masara da gyaɗa tun ba su tsiro ba. Haushi yakan sa wasu su jiƙa hatsi da maganin ƙwari su watsa. Ina roƙonku, mu daina. Guba ba ta zaɓe. Kaji da zabi za su tsattsage hatsin, kare da ungulu su ci mushen, yaro kuma ya tsinci tsuntsun ya gasa.

Ga abin da ya fi. A kife 'yan tsaki da akurki ko kwando har su yi mako 4 zuwa 6. A binne shara da hanjin dabba, gama su ke jawo shi gida. A gona, a riƙa canza wa mutum-mutumi wuri, domin hankaka wayo gare shi. Wanda ya ɗana tarko ya duba safe da yamma, ya saki tsuntsun da ba shi ake nema ba.

Mu tuna, hankaka yana rage mana fara.