Kuɗinka Na Barci a Banki? Zancen Asusun ISA Ga 'Yan'uwa Mazauna Birtaniya

Shirin yau na 'yan'uwanmu ne da ke Birtaniya, ɗalibai da masu aikin jinya da masu kwana tsaye a gidajen kula da tsofaffi. Mu da ke gida ma mu kasa kunne, domin da yawanmu da guminsu ake biya mana kuɗin makaranta.

Abin da ke damuna shi ne, mutum ya yi shekara yana aikin dare, ya tara fam dubu goma, ya bar su kwance a asusun da albashi ke shiga, wanda sau da yawa ba ya ƙara masa ko sisi. Farashi kuwa ba ya jiran kowa. A Oktoban 2022 hauhawar farashi a Birtaniya ta kai kashi 11.1 cikin 100. Kuɗin da ya kwanta a lokacin, ramewa ya yi.

To mene ne ISA? Asusun ajiya ne da gwamnatin Birtaniya ta ƙirƙiro a 1999, kuma abin da ya haifar maka ba a cire masa haraji. Sharaɗin shi ne ka kai shekara 18, kana zaune a ƙasar. Tun 2017 iyakar abin da za ka zuba a shekara fam 20,000 ce, shekarar kuma tana farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilu. Damar da ba ka yi amfani da ita ba ta wuce kenan. A kasafin Nuwamban 2025 an sanar cewa daga Afrilun 2027, 'yan ƙasa da shekara 65 fam 12,000 kawai za su iya zubawa a na tsabar kuɗi.

Na san tambayar da ke bakinku: riba fa? Wannan magana ce babba, kuma hukuncinta na malamai ne. Abin da zan faɗa muku shi ne akwai bankunan Musulunci a can, irin su Al Rayan da Gatehouse, masu ISA da ke bin shari'a. Su ba kuɗin ruwa suke biya ba, juya kuɗin suke a harkar halal, su faɗa maka kason ribar da ake sa rai. Da wannan kason za ka auna su.

Yanzu yadda ake kwatantawa. Na farko, duba lambar da aka rubuta wa AER, wato abin da ajiyarka za ta ƙaru da shi a cikakkiyar shekara. Misali, fam 10,000 a kashi 1.5 fam 150 ne. A kashi 4.5 fam 450. Bambancin fam 300, don kawai ka yi ƙiwar cike fom. Canza shi zuwa naira ka gani.

Na biyu, karanta ƙananan rubutun nan. Wani bankin zai ɗora ƙari na wata 12 don ya jawo ka, yana cika kason ya faɗo, kai ba ka ma sani ba. Sa ranar a wayarka.

Na uku, ka san irin asusun. Akwai wanda za ka cira duk sanda ka so, amma banki na iya rage kason, musamman in Babban Bankin Ingila ya sauke nasa. Akwai na kulle, shekara ɗaya ko biyu, kasonsa ba ya motsi, amma in ka fasa kafin lokaci za a ci ka tara. Mu da waya ɗaya daga Kano ko Zariya ke iya tayar mana da buƙata cikin dare, kulle duka ganganci ne. Bar wani abu a inda hannu zai kai.

Na huɗu, kuma nan ake yawan ruɗewa: ba kullum ISA ke cin gasa ba. Tun 2016, mai biyan harajin kashi 20 an yafe masa haraji kan fam 1,000 na farko da ajiyarsa ta haifar. Mai biyan kashi 40, fam 500. Mu ɗauka kana da fam 20,000. Asusu na gama-gari a kashi 4.5 zai ba ka 900, ISA a kashi 4 zai ba ka 800. In kana rukunin kashi 20, 900 ɗin naka ne duka, na gama-garin ya fi. In kana rukunin kashi 40, za a cire 160, saura 740, ISA ta yi gaba. Kun ga lissafi ne, kowa da nasa.

Na biyar, in ka ga inda ya fi, kar ka cire kuɗin da hannunka ka kai. Yin haka na iya zubar da kariyar harajin. Sabon bankin za ka cike wa takardar sauya sheƙa, su ɗauko da kansu, kuma ƙa'ida ita ce cikin ranakun aiki 15. Ka kuma tabbata bankin yana ƙarƙashin FSCS, tsarin da ke biyan masu ajiya in banki ya durƙushe, har fam 120,000 tun Disambar 2025.

Masu niyyar dawowa gida, asusun zai ci gaba da zama naku, sai dai ba ku ƙara zuba komai muddin ba ku zaune a ƙasar.

Roƙona gare ku, yau ɗin nan ku buɗe manhajar bankinku ku duba kashi nawa ake ba ku. Mai ɗan'uwa a can ya tura masa wannan. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mun haɗu a shiri na gaba, na bar ku lafiya.